Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Malamin Karkara da Koyarwa Daga Nesa

Ranar Litinin 23 ga Maris 2020 aka garƙame ƙofofin makarantu a Jihar Kano. Gwamnonin Arewa maso Yamma ne suka zauna a Kaduna, suka tsayar da shawarar a rufe na kwana talatin saboda annobar korona, wadda aka fara samun mai ɗauke da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Kwana talatin ɗin nan sai da ya zama kusan wata bakwai. In ka cire masu rubuta jarrabawar fita da aka maido a watan Agusta, sauran ɗalibai ba su sake ganin allo ba sai 12 ga Oktoba.

A birni, wasu makarantun kuɗi sun yi ta maza, suka koma Zoom da Google Classroom da zaurukan WhatsApp. A Unguwar Gai da Tarai da Fammar cikin ƙasar Kibiya, da Rurum da Lausu da Saji cikin ƙasar Rano, hedimasta ya saka kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, kowa ya kama gabansa. Malami na nan cikin gari, ɗalibinsa ma na nan, suna haɗuwa a masallaci da kasuwa da hanyar gona, amma karatu ya tsaya cak. Tun daga lokacin ake ta maimaita magana ɗaya a tarurrukan ilimi: malamanmu ba su iya fasahar zamani ba, a horar da su. Maganar tana da gaskiya. Sai dai kafin a ce a horar, ya kamata a tsaya a tambaya: a horar da su a kan me, da wane kayan aiki, don su isa ga wane yaro, a wane gida?

Yadda wata bakwai ya wuce

Abin ba a kanmu kaɗai ya faɗa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. A watan Agusta na shekarar, UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, babu wata hanyar karatu daga nesa da ta kai gare su. Duk wanda ya san ƙauyukan kudancin Kano ya san a wane ɓangaren lissafin nan yaranmu suka faɗo.

A Kano kuwa abubuwa sun zo a jere. An tabbatar da mutum na farko mai cutar ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle a tsakiyar watan, azumi ya kama, ga labarin yawan mace-mace a cikin birni da ya tayar da hankalin kowa, ga motoci suna kwasar almajirai ana mayar da su jihohinsu. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da shirin karatu daga gida, gwamnatin jiha ta sa darussa a gidajen rediyo da talabijin. Wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, da babu gara ba daɗi. Amma a cikin tsarin duka akwai mutum ɗaya da aka bari a gefe, shi ne malamin aji. Wasu zaɓaɓɓun malamai suna magana a gidan rediyo a birni, dubban malaman ƙananan hukumomi 44 suna zaune a gida ba a ce da su komai ba. Ba wanda ya ɗora musu nauyin su bibiyi yaransu su ji ko sun saurara, ko sun gane, ko sun yi aikin da aka bayar.

Ana cikin haka damina ta faɗi. Yaron da babu makaranta, hannunsa na da amfani a gonar dawa da masara da gyaɗa. Yarinya ta ɗauki farantin talla. Zuwa Oktoba, wanda ya bar aji uku yana harhaɗa baƙi da wasali ya dawo ya mance rabi, wasu kuma ba su dawo ba gaba ɗaya.

Mece ce ƙwarewar da ake magana a kai?

Da yawa idan aka ce malami ya ƙware a fasahar zamani, abin da ke zo musu a rai shi ne mutum gaban kwamfuta yana latse-latse. Iya sarrafa na'ura mataki ne na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Malamin da ya iya tura kuɗi ta waya, ya iya ɗaukar hoton takardar albashi ya aika wa sakataren ilimi, ya iya shiga zauren WhatsApp na ƙungiyar malamai, ya riga ya taka wannan matakin. Irin waɗannan malamai ba su da wuyar samu a Rano da Kibiya.

Mataki na biyu ya fi wuya, shi ne mayar da darasi ya dace da hanyar da zai bi. Malamin da ya saba da minti talatin da biyar a gaban allo yana da taimakon abubuwa da yawa da bai ma lura da su ba. Yana ganin idon yaro ya san ya ɓata. Yana nuni da sanda. Yana kiran suna. A saƙon murya duk wannan babu. Dole ya koyi yanka darasi ya zama minti uku, abu ɗaya tak a ciki, ya faɗa da Hausar da uwa a tsakar gida za ta gane, ya sa yaro ya ɗebo duwatsu ko ƙwayar wake goma sha biyu ya raba wa mutum uku, ya yi shiru na ɗan lokaci don yaron ya amsa da bakinsa. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba a haifi kowa da ita ba.

Mataki na uku shi ne jin amsa. Koyarwa ba ta cika sai malami ya san abin da ya shiga kan yaro. Ta yaya zai gane daga nesa cewa Hauwa ta iya tarawa amma tana rikicewa a wurin aro in an zo ɗebewa? Yana bukatar tambayoyi gajeru da zai yi ta waya, da 'yar takardar da zai riƙa rubuta matakin kowane yaro a kai.

Na huɗu shi ne amana. Malami namiji zai kira wayar gidan mutum don ya yi magana da 'yarsa mai shekara goma sha uku. Akwai ladabin yin haka: a fara da uban, a tsayar da lokaci, a buɗe murya kowa na ji, inda hali a bar malama mace ta kira 'yan mata. Akwai kuma kiyaye lambobin mutane da hotunan yara. Horon da ya tsallake wannan zai sa iyaye su rufe ƙofa tun ranar farko.

Abin da ke cikin gidan ɗalibi

A ɗauki gida irin wanda kowa ya sani a Unguwar Gai. Waya ɗaya ce mai aiki sosai, ƙarama mai madannai da tocila a ka, tana aljihun maigida. Da sassafe ya fita gona ko kasuwa da ita, sai magariba ta dawo. In caji ya ƙare, a ba yaro ya kai wa mai caji a bakin hanya, inda wayoyi suke jere a kan katako, janareta na kuka ko faifan sola na kan rufi, a manna wa kowace 'yar takarda mai lamba. Babbar waya mai shafawa, in akwai, ta yayan gidan ce da ke zuwa ci-rani, kuma data sai ranar da ya samu. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, akwai wuraren da kowa ya san sai an tsaya a nan ake ji sosai. Rediyo kuwa na nan a rataye, ko kuma cikin ita ƙaramar wayar, ana jin labarai da wa'azi da gaishe-gaishe.

Zaman Zoom na sa'a ɗaya na iya cinye fiye da rabin gigar data. A shekarar da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, wane malamin firamare ne zai yi haka kullum daga aljihunsa, kuma wane manomi ne zai saya wa 'ya'ya biyar? Ko da an mayar da kowane malami a Kibiya gwanin Zoom, zai buɗe aji ya tarar babu kowa a ciki.

Amma gidan nan ba kango ba ne. Akwai hanyoyin da sauti da hoto suke bi su shiga cikinsa kullum ba tare da intanet ba. Masu tura fina-finai da karatun malamai a memori suna nan a kowace kasuwa, da 'yan kuɗi kaɗan za a cika maka kati. Samari suna tura wa juna abubuwa ta Bluetooth da Xender a dandali. Tun zamanin kaset mutanenmu suke ɗaukar tafsiri da karatun littattafai daga bakin malamin da ba su taɓa gani ba. Malaman Islamiyya da dama suna karɓar hadda ta saƙon murya. Ashe karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar boko ce ba ta koyi bin hanyar da tuni jama'a suka share ba.

Inda aka gwada aka gani

Ba sai mun tafi nesa ba. A shekarar 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, haɗin gwiwar gwamnatin Kano da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Manufarsa a koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida karatu da lissafi daidai da matakin da kowane yaro yake, ba daidai da ajin da aka rubuta sunansa ba. Da aka rufe makarantu shirin bai naɗe tabarma ba. Ya koma rediyo da saƙon tes da saƙon murya da ke shiga ƙaramar waya, da layin da iyaye za su kira kyauta, su kuma malamai aka ci gaba da tuntuɓarsu ta waya ana ƙara musu sani. Abin lura a nan shi ne an iya wannan juyi ne saboda akwai malaman da aka riga aka horar, akwai kayan karatu da Hausa, akwai lambobin waya a hannu. Wudil ba ta fi Rano wutar lantarki ta a zo a gani ba. Shiri ne ya riga annoba isa can.

A ƙasar Botswana, wata ƙungiya mai suna Young 1ove da masu bincike ƙarƙashin Noam Angrist sun yi gwaji a gidaje kimanin 4,500 lokacin kulle. Wasu gidajen aka riƙa aika musu tambayoyin lissafi ta tes kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20 sau ɗaya a mako, ana magana da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Waɗanda aka riƙa kira sun ƙaru a lissafi ƙaruwar da aka iya aunawa, tes shi kaɗai kuwa bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Darasin a fili yake: muryar mutum mai tambaya yana jiran amsa ita ce ke aiki.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da abin faɗa. Tun 2009, a ƙauyukan Damagaram da Dosso, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka gwada saka ƙaramar waya cikin ajin yaƙi da jahilci na manya. Waɗanda aka koya wa rubuta saƙo da karanta shi a waya sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi, saboda sun samu inda za su riƙa amfani da abin da suka koya bayan an tashi daga aji. Masu koyarwar nan mutanen ƙauye ne, ba masu digiri ba.

Ƙasar Saliyo kuma ta sha wuya a annobar Ebola ta 2014 da 2015, makarantu suka yi watanni a rufe, ta koyi koyarwa ta rediyo a dole. Da korona ta zo a 2020, cikin 'yan kwanaki darussa suka dawo a rediyo, saboda masu gabatarwa da kayan aiki suna nan ba a watsar ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mu ma an sare mu, saura mu nuna mun ji zafin.

Ciwon da ke jikin bita

Kowane malamin gwamnati ya san yadda bita take. A kira mutum biyu daga kowace makaranta zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko birni, kwana uku, a haska rubutu a bango da Turanci, mutum hamsin su kewaye kwamfuta biyar, a ci abinci, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a ba da takardar shaida. Sai a ce waɗanda suka je su koma su koya wa sauran. Kafin abin ya gangaro zuwa malamin aji biyu a ƙauye, ya zama ruwa-ruwa. Wanda ma ya je ɗin, in ya dawo makarantar da babu soket ko ɗaya, cikin wata guda hannunsa ya mance. Hannu ba ya riƙe abin da ba ya taɓawa.

Akwai kuma batun wa ake turawa. Sau da yawa mai kusanci da ofis ne ke tafiya, kuma shi ne dai zai je ta gaba. Malamai mata, waɗanda su ne za su fi shiga gidaje su yi magana da iyaye mata, su ne suka fi rasa gurbi, ko don nisa, ko don kwana a wani gari, ko don babbar wayar gidan ba a hannunsu take ba.

Sai tsoro. Tun da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji a 2017, sama da 21,000 suka rasa aikinsu, malamin Arewa in ya ji an ce za a auna ƙwarewarsa sai gabansa ya faɗi. Dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana koyarwa ba zai ɗaga hannu a gaban yaran da ya koyar ya ce bai san inda ake latsawa ba. Zai yi shiru ya gyaɗa kai. Horon da bai kare mutuncin mai koyo ba, a banza aka kashe kuɗinsa.

Tushen matsalar yana komawa har kwalejojin da ke yaye malamai. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, hukumar rajistar malamai ta TRCN ma ta kwamfuta take jarraba masu neman lasisi. Amma ɗalibin NCE zai iya cin kwas ɗin kwamfuta da haddar sunayen sassanta, ya fito bai taɓa tsara darasin minti uku ya naɗa da muryarsa ba. Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da cibiyoyin horar da malamai na tarayya da ke Kano da Bichi da sashen ilimi na Jami'ar Bayero su ne ke cika azuzuwanmu da malamai. In har za a gyara, daga nan za a fara, a sa koyarwa ta rediyo da waya cikin aikin gwajin koyarwa, a ba shi maki kamar yadda ake ba rubutun allo.

Muna ma da gadon da za mu dogara a kai. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, don a horar da malamai suna bakin aikinsu, ta littattafan da ake raba musu da haɗuwa a cibiyoyi ranakun hutu. Malamai da yawa a ƙauyukanmu ta wannan hanyar suka samu takardarsu. Wanda ya yi karatu daga nesa ya san daɗinsa da wahalarsa, ya san ranar da mutum yake jin kamar ya ajiye. Wannan sani jari ne da ba a taɓa tambayarsu su kawo ba.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa tsayawa kan rediyo da ƙaramar waya daidai yake da yanke wa ɗan ƙauye hukuncin zama a baya, alhali duniya ta tafi intanet. Damuwarsu tana da tushe. Yaron Kibiya zai zauna jarrabawar JAMB ɗaya da yaron Nasarawa cikin birni, kuma zalunci ne ya fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa. Don haka ɗakin kwamfuta mai sola a sakandaren karkara haƙƙi ne, haka ma faɗaɗa sabis, abin da ƙungiyoyi irin CITAD ta Kano suka daɗe suna kira a kai. Manhajar Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris 2022, da shirin AGILE na Bankin Duniya mai kula da karatun 'yan mata wanda Kano ke cikin jihohinsa na farko, duk ƙofofi ne da ya kamata malamin karkara ya san yadda ake shiga. Amma tsani daga ƙasa ake hawansa. Malamin da ya iya tsara darasi gajere, ya iya jin amsa, ya iya rubuta matakin yaro, ranar da babbar waya ta zo hannunsa a mako ɗaya zai koma kanta. Wanda bai iya waɗannan ba, ko kwamfuta goma aka ba shi, allo kawai zai ɗauka a hoto ya tura.

Wasu kuma cewa suke: ajin da rufinsa ya yaye, yara ɗari a ƙasa, malami ɗaya, ina shi ina maganar fasaha? A fara gyara rufi. Gaskiya ne, kuma dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a watan Yunin 2024 amincewa ce da girman wannan ɓarna. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba: rajistar lambobin waya, katin kira, memori, da lokacin zama. Kuma amfaninsa bai tsaya ga ranar annoba ba. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, an rufe makarantu a jihohi da dama, har da wasu na kwana a Kano. Ambaliya na yanke hanya, yajin aiki na zuwa, yaro na kwanciya ciwo, yarinya na daina zuwa ba a san dalili ba. Kowanne cikin waɗannan rufewar makaranta ce ga wanda abin ya shafa.

Na uku su ne iyayen da ke tsoron waya a hannun yara, musamman mata. Tsoronsu ba na jahilci ba ne, sun ga abin da suka gani. Amsar ita ce tsarin da wayar ke zama a hannun uba ko uwa, malami ya kira a lokacin da aka yi alkawari, a yi karatun a tsakar gida kowa na ji. In mai unguwa da liman suka san da maganar tun farko, suka faɗe ta a masallaci, rabin aikin ya ƙare.

Abin da za a iya farawa a zangon nan

Na farko, kowane malamin aji ya mallaki rajistar da ke ɗauke da lambar wayar da za a samu kowane yaro, ta uba ce ko ta yaya ko ta maƙwabci, da lokacin da wayar ke gida, da ko akwai rediyo. A sabunta ta farkon kowane zango. A 2020 rashin wannan 'yar takarda kaɗai ya isa ya raba malami da ɗalibansa.

Na biyu, a dawo da horo kusa da gida. Makarantu huɗu ko biyar na mazaɓa ɗaya su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa da wayar da yake da ita, da Hausa. Kowane malami ya naɗi darasi ɗaya, a saurara tare, a gyara masa cikin mutunci. Matashin malami ya nuna wa dattijo inda ake latsawa, dattijo ya nuna wa matashi yadda ake sa yaro ya gane kashi-kashi da ɓarin goro. Kowa ya zo da abin bayarwa, ba wanda zai ji kunya.

Na uku, darussan da suka fi kyau a tara su. Sashen ilimi na ƙaramar hukuma ya ajiye su bisa aji da zango, a zuba a memori, a ba masu turi na kasuwa su riƙa saka wa iyaye. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta tace, ta ɗauki na ɗauka ta kai gidan rediyo. Yaro ya ji muryar malamin garinsu, da karin harshen garinsu, da misalin kasuwar da ya sani.

Na huɗu, a biya kuɗin kira. Ba daidai ba ne a ɗora wa malami aikin gwamnati a kan katinsa. Ɗan alawus na kati da caji, wanda ake bayarwa bisa shaidar kiran da aka yi, ya fi babbar kwangilar na'urorin da za su ƙare a kulle cikin sito.

Na biyar, a riƙa gwadawa ana zaman lafiya. A hutun ƙarshen zango, kowane malami ya kira yara goma mafi rauni a ajinsa sau ɗaya a mako, kwamitin kula da makaranta ya bibiya. In an dawo a auna a gani. Ta haka za a san lambar da ba ta shiga, da gidan da ba a amsawa, da malamin da ke bukatar taimako, tun kafin ranar da za a bukaci abin da gaske.

Yaran da suke aji ɗaya na firamare ranar da aka saka kwaɗon nan a 2020 yanzu sun kai ƙofar sakandare, kuma malamansu sun san waɗanda har yau suke ɗingishi a karatu saboda wata bakwai ɗin da aka yi ba a neme su ba. Ba laifin malamin Unguwar Gai ba ne da bai kira ba, ba a taɓa nuna masa cewa wayar da ke aljihunsa kayan koyarwa ce kamar alli ba, ba a ba shi lamba ba, ba a ba shi kati ba. Yau makarantu a buɗe suke, malami da ɗalibi suna ganin juna kowace safiya, iyaye suna nan a bakin ƙofa. Yanzu ne lokacin karɓar lambar, da naɗar darasin, da koya wa hannu aikin, tun gora tana hannu ba a ɗaura kayan tafiya ba.